Turbo da ba ya shan baƙin mai: da gaske ne, ko zancen takarda?

Mai Sitiyari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Injiniyoyi da bakanikai, tambaya gare ku. Ana ta cewa akwai turbo da ba a haɗa masa bututun baƙin mai ko kaɗan, wai iska ce ke riƙe da shaf ɗinsa. Ni dai abin da na sani, turbo in ya rasa mai na ɗan lokaci ya tafi ke nan. To yaya ƙarfe zai yi ta juyi a cikin ƙarfe babu mai, kuma bai ci kansa ba? In kuwa akwai shi, me ya hana a saka mana a motoci mu huta?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, duk wanda ya taɓa kwance turbo ya san amsarka. Shaf guda ne, fanka a kowane kai. Ɗaya hayaƙin inji ke kaɗa ta, ɗayar tana danna iska cikin inji. A tsakiya akwai bushin biyu na tagulla, da wani faranti mai hana shaf yin gaba ko baya, kuma dukkansu a cikin mai suke iyo. Ka toshe siririn bututun nan ka taka totur, ba za a jima ba shaf ya yi shuɗi. Iska? A nuna mini tukuna.

Injiniya Mai Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa a kan turbon da ke hannunmu haka yake. Amma na iskar ma akwai shi, kuma ya girmi da yawa daga cikin 'yan zauren nan.

Ga yadda yake. A gurbin bushin, ana shimfiɗa siraran fallayen ƙarfe guda biyu a zagaye da shaf. Na ƙasa mai tudu da kwari ne irin na kwanon rufi, shi ne ke aikin sifirin. Na sama sumul yake, shi ke rungume da shaf. Yawanci daga wani ƙarfe mai yawan nikel ake yin su, Inconel X-750, saboda zafi ba ya kashe masa tauri da wuri. In shaf yana tsaye, a kan fallen saman yake kwance, suna taɓa juna. Da ya fara juyi sai ya riƙa jan iskar da ke jikinsa yana cusa ta cikin matsattsen wurin da ke tsakaninsu. Gudu na ƙaruwa, matsin iskar na ƙaruwa, har ta ture fallen baya kaɗan, shaf ya tashi daga kansa. Daga nan babu sauran gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tazarar ba ta wuce 'yan kasoshi cikin dubu na milimita ba, amma ta isa.

Ku lura, babu famfon da ke hura iskar. Shaf ɗin ne ke yi wa kansa. Shi ya sa abin ya dace da turbo: ƙaramin turbon mota yakan wuce juyi 200,000 a minti, kuma irin wannan boris ɗin, wato mazaunin da shaf ke juyi a cikinsa, gudu ne abincinsa.

Mai Sitiyari:
Ikon Allah. Injiniya, ka ce ya girme mu. A ina ake amfani da shi?

Injiniya Mai Lissafi:
A jirgin sama. Kamfanin Garrett AiResearch na Amurka ya yi aiki a kansa a shekarun 1960, kuma a 1969 aka saka shi a na'urar da ke sanyaya iskar cikin jirgin DC-10. Yau kusan duk babban jirgin fasinja da irinsa yake tafiya a wannan na'urar. Ga kuma ƙananan injinan wuta na kamfanin Capstone, wanda ke ba da kilowat 30 yana juyi 96,000 a minti, babu baƙin mai a cikinsa sam.

Tsohon Bakanike:
To na ji. Amma na'urar sanyaya iska ai sanyi take yi. Turbo a bakin wuta yake zaune. Ka taɓa ganin gidan hayaƙinsa da daddare bayan babbar mota ta hau tudu da kaya? Ja wur yake. Mai ba santsi kaɗai yake kawowa ba, ɗana. Yana shigowa, ya kwashi zafi, ya koma ƙasan inji da shi. Ka cire shi, wa zai kwashe zafin?

Ɗalibar Injiniyanci:
Sannunku da muhawara. Baba, tambayarka biyu ce a haɗe, bari in ɗauki rabin farko, wato ko boris ɗin kansa zai jure zafi.

Abin mamaki, iska ta fi mai jure zafi nesa ba kusa ba. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake, kuma tun bai kai digiri 300 na ma'aunin Salsiyas ba ya fara ƙonewa ya bar baƙar dauɗa mai tauri. Iska kuwa in ta yi zafi kauri take ƙarawa, a digiri 650 ta ninka kaurinta na farko har da ɗoriya. Matsalar tana wurin tashi da tsayawa, lokacin da shaf ke gogar falle kafin iska ta ɗaga shi. Dole a shafa wa wurin wani busasshen abu mai santsi. A na'urorin da ba su da zafi sosai Teflon, shafin nan da ke hana abinci manne wa tukunya, ya isa, amma shi da ya wuce digiri 250 da kaɗan ya fara lalacewa, alhali hayaƙin injin dizal yakan kai 700 zuwa 800, na fetur har ya taɓa 1,000.

Wannan ne cibiyar Glenn ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke Cleveland ta zauna a kai. Christopher DellaCorte da abokan aikinsa suka haɗa wani shafi da suka kira PS304: kashi 60 cikin ɗari gaurayen nikel da kuromiyam ne mai riƙe sauran, 20 sinadarin kuromiyam mai tauri don kada ya cinye, 10 azurfa, 10 kuma wasu gishirai ne na fulorayid. Azurfar ce ke ba da santsi in ƙarfe yana da sanyi, gishiran su karɓa in ya yi zafi. A jikin shaf ake fesa shi da wuta mai tsanani, sannan a goge. Yana aiki har digiri 650. A 1999 NASA tare da kamfanonin Mohawk Innovative Technology da Schwitzer suka gwada turbon babban injin dizal da ba ɗigon mai a cikinsa, kuma ya yi aiki.

Mai Sitiyari:
1999? Shekara ashirin da wani abu ke nan. To yana ina?

Sai Na Faɗa:
Yauwa, an zo wurin. Ku bar wahalar da kanku da lissafi. Masu sayar da baƙin mai da masu sayar da turbo ne suka danne shi. Wa zai yarda a fito da abin da ba ya lalacewa? Kowa ya san yadda kamfanonin nan suke.

Injiniya Mai Lissafi:
Ɗan'uwa, wannan zargin ba ya tsayawa da ƙafarsa. Ko an cire turbo daga layin mai, fistin da karanshaf da sauran kayan inji suna nan suna buƙatar mai, juye kuma ba za a daina ba. Mai sayar da mai bai rasa kwastoma ko ɗaya ba. Sannan Garrett ɗin da ya saka boris na iska a jirgin sama ai shi ne ɗaya daga cikin manyan masu ƙera turbo a duniya. Da abin ya biya da shi zai fara cin ribarsa.

Dalilan suna cikin rabi na biyu na tambayar Baba, kuma a ganina Baba ya fi kowa kusa da gaskiya a nan.

Zafi daga fankar hayaƙi yana bin shaf yana gangarowa tsakiya. Boris ɗin ma, duk da iska ce, yana haifar da nasa zafin a irin wannan gudun. Mai yana kwashe duka cikin sauƙi. Iska ba ta da ƙarfin ɗaukar zafi kamar ruwa ko mai, don haka sai an ɗebi wani kaso na iskar da turbo ya danna a bi da ita ta cikin boris. Wato iskar da aka sha wahala aka matsa don inji, an mayar da ita mafici. Wani ɓangare na ribar da aka samu wajen rage gogayya a nan yake zubewa. In kuma sanyayawar ta gaza, shaf ya kumbura fiye da gidansa, tazarar ta tsuke, zafi ya ƙaru, ya sake kumbura, cikin ƙiftawar ido ya cafke.

Sai nauyi. Mai mai zafi ya fi iska kauri sau ɗaruruwa. Don iska ta ɗauki abin da mai ke ɗauka, dole a faɗaɗa wurin. Shaf ɗin ƙaramin turbo siriri ne, wani ko milimita goma bai kai ba. Na iska sai an yi masa kauri sosai, galibi a rarake cikinsa don kada ya yi nauyi. Inda abin ya fi ciwo shi ne farantin da ke tare turin gaba da baya, domin matsin da ke bayan fankokin biyu ba daidai yake ba, kuma yana canzawa duk lokacin da direba ya taka ko ya saki totur. Farantin iska sai ya yi faɗi, faɗin kuma ya ƙara wa abin da ke juyawa nauyi, turbo ya ƙara jinkirin amsawa. Jinkirin nan kuwa shi ne abin da masu ƙera motoci suka shekara suna yaƙi da shi.

Sai Na Faɗa:
Duk da haka ni ban yarda babu hannun 'yan kasuwa ba.

Shugaban Zaure:
Malam, an ji ra'ayinka. In akwai hujja a kawo, in babu a bar masu bayani su ci gaba.

Mai Gyaran Janareta:
Ni kuma bari in tsaya wa na iskar, don kun fara binne shi da rai. Oga Injiniya ya lissafo wahalarsa, amma ba a lissafo wahalar mai ba, mu kuwa da ita muke kwana.

Mutane suna zaton akwai oyil sil na roba a turbo. Babu. Wasu ƙananan ringi ne na ƙarfe irin na fistin, kuma ba su toshe wurin gaba ɗaya, matsin iska da na hayaƙi ne ke taimaka musu tare man. Da bushin ya ci, ko bututun komawar mai ya toshe, ko filtar iska ta cushe, mai ya sami hanya. In ya bi ta salansa, ga shuɗin hayaƙi, ga lalata kayan tace hayaƙin da ke motocin zamani. In ya bi ta wajen iska a injin dizal, nan ne tashin hankali. Inji ya fara shan man kansa a matsayin makamashi, ya yi ta hawa, ka kashe makulli bai san kana yi ba. In ba ka toshe masa iska ba sai ya tarwatsa kansa. Turbo marar mai ba zai taɓa jawo wannan ba.

Ga kuma kashe inji da zafi. Famfon mai ya tsaya, zafin gidan hayaƙi ya dawo tsakiya, ragowar man da ke kan shaf ya soyu. Yau kaɗan gobe kaɗan har hanyar mai ta tsuke. Ga man da ya daɗe ba a juye ba yana yawo da ɓarɓashin ƙarfe. Yawancin turbon da ke zuwa hannun bakanike ba tsufa ne ya kashe su ba, mai ne: ko ya yi ƙaranci, ko ya yi datti, ko ya makara bai iso ba da aka tada inji da sanyin safiya.

Har wurin zama ma mai ne ke yanke wa turbo hukunci. Tunda da nauyinsa yake gangarawa ya koma, dole shaf ya kwanta, dole turbo ya kasance sama da matakin man inji. Na iska ko a tsaye ka kafa shi, ko a ƙasa can kusa da salansa, babu ruwansa.

Tsohon Bakanike:
Wannan gaskiya ne, ba na musu. Sai dai ka manta an rage matsalar soyuwar man tun da aka fara zagaya ruwan lagireto ta tsakiyar turbo. Motocin fetur na yanzu kusan duk haka suke, wasu har da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da tura ruwan bayan an kashe mota. Man zamani ma ya fi na da jure wuta. Kamfani ya ga da ɗan bututun ruwa ya magance rabin ciwon, me zai kai shi sake zana turbo daga tushe?

Ɗalibar Injiniyanci:
Baba ya taɓo inda nake ganin maganar ta tsaya. Tun 1905 Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ya yi rajistar dabarar turbo. Fiye da shekara ɗari ana goge na mai, ana ƙera miliyoyi duk shekara, bushin ɗinsa ɗan guntun tagulla ne da inji ke fitarwa cikin daƙiƙoƙi. Kuma man yana nan a cikin mota ko da turbo ko babu, famfo yana nan, filta tana nan. Sabon abu ba ya isa a ce yana aiki, sai ya kayar da wannan a farashi. Fallayen Inconel da ake lanƙwasawa a gasa su daidai, da shafin da ke ɗauke da azurfa, ba su kai nan ba.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, girgiza. Man da ke ciki da wajen bushin yana shanye rawar shaf. Na iska yana da nasa dabarar, gogayyar tudun fallen ƙasa da gidansa tana cinye wani abu, amma bai kai na mai ba. Janareta a kafe yake wuri guda. Turbon mota kuwa a jikin inji yake ɗaure, inji na kaɗawa, hayaƙi na zuwa bugu-bugu daga kowace silinda, taya na faɗawa rami.

Mai Sitiyari:
Hajiya, to motocin nan da ke kashe kansu a danja su sake tashi fa? Kin ce wurin tashi da tsayawa ne yake ci.

Ɗalibar Injiniyanci:
Ka gano. Jirgi ya tashi sau ɗaya ya yi awoyi. Injin wuta a kunna shi ya kwana yana aiki. Mota a cikin gari kuwa tashi da tsayawa ne aikinta, mai kashe kanta a danja ta ninka abin. Kowane tashi gogayya ce a busashe. Shafin NASA ya jure dubban tashi da tsayawa a gwaji, wannan ba a musu. Amma akwai kuma zaman silo, inda hayaƙi ba shi da ƙarfi. Dole a tabbata ko a nan shaf yana gudun da zai ci gaba da shawagi, in ba haka ba yana ta gugar falle ke nan mota na tsaye.

Mai Gyaran Janareta:
Shi ya sa ni a ganina da manyan injina ya kamata a fara, na janareta da na jirgin ruwa da manyan motocin doguwar tafiya, masu riƙe gudu ɗaya na tsawon lokaci. Ba banza ba NASA ma da turbon babban dizal ta yi gwajinta.

Sabon Shiga:
Don Allah a yi haƙuri da ni, turbo mai boris na ƙwallaye da ake sa wa motocin tsere, shi ne wannan? Sannan na ji ana maganar na maganaɗisu.

Injiniya Mai Lissafi:
A'a ƙanena. Mai ƙwallaye yana rage gogayya, turbo ya amsa da wuri, amma yana shan mai, kaɗan dai yake buƙata. Na maganaɗisu shi ba ya taɓa shaf ko a tsaye, sai dai yana son lantarki, da na'urorin auna matsayin shaf, da kwamfutar da ke gyara shi kowane lokaci, da wani boris na ko-ta-kwana in wuta ta ɗauke. Ga shi wayoyinsa ba sa shiri da zafin hayaƙi. A manyan kwamfiresoshin masana'antu yake da gida.

Amma kada a tashi da zaton na iskar bai shiga mota ba. Ya shiga, ta wata ƙofa. Motar haidurojin tana buƙatar a danna mata iska cikin tukunyar da ke haɗa lantarki, kuma ɗigon mai kaɗan yana lalata sinadarin filatinam da ke ciki. A nan mai haramun ne, ba zaɓi ba. Honda Clarity mai haidurojin ta 2016 da kwamfiresan Garrett mai boris na iska ta fito. Lantarki ke juya shi, babu hayaƙi mai digiri 800 a gefensa, kuma kwamfuta na iya riƙe shi a gudun da ba zai sauka kan falle ba. Duk matsalolin da muka lissafo sun ragu lokaci guda, abokin takararsa kuma an hana shi shiga fili.

Mai Sitiyari:
To ni mai tsohuwar mota, ba za a iya cire bushin a saka mini fallayen ba?

Injiniya Mai Lissafi:
Ba zai yiwu ba, Malam. Shaf daban, gidan tsakiya daban, hanyoyin iskar sanyaya daban, har daidaita nauyin fankokin sai an sake. In wani ya ce zai yi maka, riƙe kuɗinka. Ka juye mai a kan lokaci, ka kula da filtar iska, in ka sha doguwar tafiya ka bar inji ya ɗan yi silo kafin ka kashe.

Tsohon Bakanike:
Saura tambaya ɗaya ta masu sifana. Mu in an kawo turbo, yatsa muke sawa mu juya fanka, mu girgiza shaf mu ji ko akwai wasa. In irin wannan ya faɗo hannunmu wata rana, yaya za mu gane mai lafiya?

Ɗalibar Injiniyanci:
Baba, a nan yatsa zai yaudare ka. Fallen a matse yake da shaf tun daga kamfani, don haka mai lafiya ba ya wulwulawa in ka kaɗa shi, za ka ji ya ɗan riƙe. In ka danna shi gefe kuma ya ɗan ba da kai ya dawo, saboda sifirin ɗin ƙasa. Wanda ya saba da na mai zai ce ya cafke, ko ya ce bushin ya ci, alhali ƙalau yake. Yawancinsu gefe ɗaya aka yi su su juya, in ka murɗa shi baya da ƙarfi kana iya tattare fallen. Kuma kada a ɗiga masa mai ko a shafa giris wai don ya saki, da ya ɗau zafi man zai ƙone ya cike kwarin fallen.

Tsohon Bakanike:
To wannan na ƙarshen sai an rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin turbon, don yaran gareji duk abin da ya ƙi juyawa mai suke fara zuba masa.

Mai Gyaran Janareta:
Ba yara kaɗai ba, Baba. Har iyayen gidansu.